Lambun Uwargida: Yadda Ake Mayar Da Dashen Leda Ya Zama Bonsai

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar alayyafo da tumatirin bayan ɗaki, mu taɓo wani abu da na san da yawanku kun sha gani a hoto kuna sha'awa, wato 'yar bishiyar nan da ake ajiyewa a kasko, wadda tsayinta bai wuce kamu biyu ba, amma in kika ƙura mata ido sai ki ce tsohuwar tsamiyar bakin kasuwa ce aka ƙanƙance. Sunanta bonsai. Kalmar ta mutanen Japan ce, ma'anarta kuwa shuka a cikin faranti.

Kafin mu yi nisa, ga abin da zai tsare miki kuɗinki: babu wani iri a duniya da ake kira irin bonsai. Idan kika ga ana tallar ƙwaya a ƙunshi a Facebook ko a wani shago, an manna hoton bishiya mai ban sha'awa an ce ki shuka ki samu irinta, to ƙwayar bishiya ce kamar kowace, in ma ta tsiro ke nan. Wadda kike gani a kaskon nan, da za a cire ta a dasa a gona a ƙyale ta, da ta miƙe ta kamo 'yan uwanta. Abin da ya tsayar da ita a haka shi ne aski a kai a kai, da rage saiwa, da ƙarancin wurin zama. Aikin hannu ne, kuma hannun da ya iya tsagar kitso zai iya shi.

Asalin abin daga ƙasar Sin yake. A kabarin wani yarima na daular Tang an samu zane a bango, na shekarar 706, da ke nuna masu hidima ɗauke da farantai masu 'yan duwatsu da shuke-shuke a ciki. Daga can ya ƙetara Japan, su kuma suka tace shi suka yi masa ƙa'idoji, har suna da babban baje-koli a birnin Tokyo wanda aka fara tun 1934. A can bishiya guda takan zama gado, kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Akwai wata da ake reno tun shekarar 1625, tana gidan wani iyali mai suna Yamaki a birnin Hiroshima lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, tsakaninta da inda ya fashe kamar kilomita 3 ne, amma ta rayu. A 1976 maigidan, Masaru Yamaki, ya ba da ita kyauta ga Amurka, tana birnin Washinton, inda ta cika shekara 400 a 2025.

To amma kar wannan labari ya ɗebe ki ki tafi neman irin itatuwansu. Yawancin waɗanda kike gani a hotunan Japan na ƙasar sanyi ne, sai sun yi barcin watanni a cikin sanyin ƙanƙara kafin su farka su yi sabon ganye. Ki kawo su garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ko sun yi 'yan watanni suna fama, ƙarshenta bushewa ne. Abin da zai yi miki yana nan kusa, a wajen masu sayar da dashe a bakin titi, cikin baƙar leda.

A ganina babu kamar dangin cediya ga mai koyo. Kin dai san yadda ake sare reshen cediya a kafa a ƙofar gida ya kama. Wannan taurin rai shi kike nema, domin za ta jure kuskuren almakashi ta sake toho. Masu lambu suna da 'yar uwarta mai ƙananan ganye masu sheƙi wadda ake yin shinge da ita, suna ce mata fikus. Bayan ita sai furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, mai fure kamar takarda, wato bogenbiliya, sai rumman, sai tsamiya, wadda Allah ya yi ta da ƙananan ganye tun asali, sai dai tana da nawa wajen yin kauri. Ko kuka ma ana yi, mutanen Afirka ta Kudu sun ƙware da ita, amma idan ta zubar da ganye da rani dole a ɗauke mata ruwa, in ba haka ba gindin ya ruɓe. Mangwaro kuwa ki bar shi a gona, ganyensa ya yi girma. Ki kuma sani ganye yana ƙanƙancewa da aski, amma fure da 'ya'ya suna nan yadda suke, shi ya sa in rumman za ki ɗauka, mai ƙananan 'ya'ya ya fi dacewa.

Yanzu ga inda rabin aikin yake, wato zaɓe. Da kin isa, mai lambu zai jawo miki wanda ya fi ganye da tsayi. Ki gode masa, ki wuce can lungu inda aka jibge waɗanda suka daɗe ba a saya ba, ledarsu ta yage, sun yi kauri sun karkace. Ganye ba shi kika zo saye ba, domin ko an aske shi zai dawo cikin 'yan makonni. Gindi kika zo saye, shi ne ke cin shekaru kafin ya samu. Ki tsuguna ki sa yatsa ki tone ƙasar saman ledar kaɗan, ki ga inda gangar jikin ta haɗu da saiwa. Wanda saiwarsa ta bazu ta kowane ɓangare kamar yatsun hannu a kan tabarma, shi ne naki, domin wannan shimfiɗar ce ke sa ƙaramin icce ya yi kama da tsoho. Tonon nan zai kuma tona miki wani asiri: sau da yawa ana cusa sirara uku ko huɗu a leda guda don su yi duhu, daga sama ki zaci icce ɗaya ne mai ƙiba.

Sai ki bi gangar da ido daga ƙasa zuwa sama. Ana so ta yi kauri a gindi tana sirancewa a hankali, ba ta tafi sambal kamar taɓarya ba, in da ɗan lanƙwasa ma ya fi. Ki duba ko akwai rassa a ƙasa-ƙasa, domin rage reshe abu ne mai sauƙi, amma samar da shi a inda babu sai an yi jira. Daga ƙarshe ki ɗaga ganyen ki leƙa bayansa. In kin ga wani fari-fari kamar auduga ya manne, ƙwari ne, ki bar musu kayansu kar ki kai wa sauran shukokinki.

Da kin kawo shi gida kar ki taɓa shi. Ki ajiye shi inda zai samu hantsi, ki riƙa ba shi ruwa mako biyu ko uku, har ki ga sabon toho. Lokacin babban aski kuwa shi ne farkon damina, sa'adda ruwa ya zauna, icce yana cikin ƙarfinsa. Wanda aka yi wa yankan ƙauna a tsakiyar bazara ko cikin iskar hunturu, ciwon yakan daɗe bai warke ba.

Ranar aikin ki tanadi almakashi mai kaifi, wanda ba na ɗinki ba don kar ki ɓata shi, da sabuwar reza, ki goge su da sifirit. Ki kife turmi ki ɗora dashen a kai, ki zauna a kujera 'yar tsugunno yadda zai zo daidai idonki. Ki riƙa juya shi sannu a hankali har ki samu ɓangaren da gindin ya fi faɗi, lanƙwasar ta fi fitowa. Wannan ita ce fuskarsa, ki soka tsinke a ƙasar don kar ki manta, domin duk abin da za ki yanke daga nan za ki riƙa dubansa.

Ki fara da shara: busassun rassa, da 'yan tsiron da ke fitowa daga gindi, da ganyen da ya cushe a ciki ya rufe gangar. Da kin yi wannan za ki ga iccen ya bayyana, sai ki ga ashe akwai abin da ba ki gani ba. Daga nan ki cire reshen da ya miƙe tsaye cak, da wanda ya nufi ƙasa, da wanda ya gitta gaban gangar, da wanda ya tsone miki ido kai tsaye daga ƙasa-ƙasa. Inda biyu suka fito daga wuri guda, ɗaya hagu ɗaya dama kamar mutum ya ware hannuwa, ɗaya zai tafi; in aka bar su wurin yakan kumbura ya yi ƙulu, gangar ta fi kauri a tsakiya fiye da gindi, wannan kuwa muni ne mai wuyar gyara.

Tsarin da mutanen Japan ke koya wa ɗalibi shi ne reshe na farko, wanda ya fi kowanne kauri, ya fito a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin iccen. Na biyu ya ɗan ɗara shi sama ta ɗaya ɓangaren, na uku ya nufi baya don iccen ya yi zurfi kar ya zama kamar hoton bango. Haka za a yi ta hawa, rassan suna gajarta suna matsowa kusa da juna har a kai ƙoli. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin dole ba, don babu dashen leda da zai zo miki da rassa a jere kamar an auna. Ki fita ki kalli tsohuwar tsamiya ko gawo a unguwarku, yadda rassan ƙasa suka kwanta saboda nauyi, sama ta yi laima. Abin da kike kwaikwayo ke nan.

Ga wata dabara kafin ki sare babban reshe: ki rufe shi da farin ƙyalle, ki ja da baya taku uku ki duba yadda iccen zai kasance babu shi. In zuciyarki ta yi biyu, ki bar shi sai wani mako. Wanda kika bari yana nan yana jiranki, wanda kika yanke kuwa ya tafi.

Maganar tsayi ita ce mai sa hannu rawa. Ƙiyasin da aka saba shi ne tsayi ya kai kamar ninki shida na kaurin gindi, in ya ɗan ɗara babu laifi. Ke nan gindi mai kaurin santimita 5 yana neman icce mai tsayin santimita 30 ko sama kaɗan, alhali dashen da kika sayo wataƙila ya kai miki ƙugu. Sai ki nemi wani ƙaramin reshe mai kallon sama a daidai inda kike so, ki sare gangar a samansa, yankan ya karkata ta baya yadda tabon ba zai fito a fuska ba. Wannan ɗan reshe shi zai zama sabon kai. Amma ki kiyaye, ganye shi ne madafar icce, da shi yake haɗa abincinsa daga hasken rana. A zama ɗaya kar ki raba shi da fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyensa. In rage tsayin kaɗai zai cinye wannan kaso, ki tsaya a nan, gyaran rassa ya jira har ya murmure.

Me ya sa aski ke sa icce ya yi duhu maimakon ya ƙare? A kan kowane reshe, can a tsini, akwai wani sinadari da iccen ke sarrafawa mai suna oksin, wanda ke gangarowa ya hana idanun da ke hammatar ganye buɗewa. Da kin cire tsinin sai takunkumin ya tashi, idanu biyu ko uku su farka su zama rassa. Don haka idan sabon reshe ya yi ganye shida ko takwas, ki mayar da shi biyu. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, ganye yana yawa yana ƙanƙancewa, tunda abincin da saiwa ke kawowa yanzu baki da yawa ke rabawa. Ki lura da ganyen ƙarshe da kika bari, duk inda ya fuskanta can sabon reshen zai nufa. Saman icce ya fi ƙasa zari, shi za ki fi matsa wa. Reshen da kuma kike so ya yi kauri, ki sake shi ya yi ta tafiya wata da watanni ko da ya ɓata tsari, daga baya ki datse.

Da wannan kaɗai, ki bari ya tsiro ki datse, za ki iya gina icce sukutum, haka masu penjin na kudancin Sin ke yi. Amma mai son ta kwantar da reshe da wuri sai ta haɗa da waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa, mun saba jin wannan a kan tarbiyya, yau ga shi a kan iccen kansa. Wayar alminiyum ta fi laushi ga mai koyo, za ki samu a wajen masu kayan lantarki. In ta jan ƙarfe kika samu, a saka ta a garwashi ta yi ja, a bari ta huce, za ta yi laushi. Kaurinta ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Ki fara naɗa ta a gangar don ta samu madogara, sannan ki bi reshen a karkace, kowane zagaye da tazara daidai, ba matsewa kamar ɗaurin tsintsiya ba. Sai ki tallafe da manyan yatsunki biyu ki lanƙwasa a hankali. Da kin ji ƙas, ki tsaya nan. Bogenbiliya musamman tsohon reshenta karyewa yake, ita gara ki ɗaura zare a reshen ki ja shi ƙasa ki ɗaure a jikin mazubin, kina ƙara ja kaɗan-kaɗan.

Waya ba a mantawa da ita. Da damina fikus yakan yi ƙiba cikin 'yan makonni, wayar ta nutse a ɓawo ta bar tabo kamar shatar awarwaro, wanda zai yi shekaru bai ɓace ba. Ki riƙa dubawa duk mako, da kin ga ta fara cizo ki yanyanka ta da filaya gunduwa-gunduwa. Warwarewa tana ɓalle ido da ganye. In reshen ya koma inda ya fito, ki sake naɗa sabuwa.

Na san abin da ke ranki, yaushe za a sa shi a kaskon? Ba bana ba. Wannan gaggawar ita ta fi kashe dashen masu koyo: a sare sama, a sare saiwa, a cusa a faranti duk a yini ɗaya. In ledar ta mutu, ki mayar da shi tsohon bokiti ko roba mai huji ba tare da kin taɓa saiwar ba. Sai damina mai zuwa ki zare shi, ki tsefe saiwar da tsinke kamar kina tsefe kan yarinya, daga waje zuwa ciki. Ki datse doguwar saiwar da ta nufi ƙasa, da masu kauri da suka kewaye leda, ki bar sirara masu kama da gashi, domin su ne ke shan ruwa. A nan ma kar ki wuce kashi ɗaya cikin uku.

Kasko kuwa ki sa mai ginin tukwane ya yi miki, tsawonsa kamar kashi biyu cikin uku na tsayin iccen, da manyan huji biyu a ƙasa tun kafin a gasa. Ki rufe hujin da guntun ragar taga, ki zuro waya ta ciki ki ɗaure gindin don iska kar ta girgiza shi. Ƙasar gona ko ta bakin kwata ba ta yi, tana daskarewa ta shaƙe saiwa. A Japan suna amfani da wata ƙasa mai tsaba-tsaba da ake kira akadama. Ke ki farfasa jan bulo ƙonanne ko fasasshen tulu ya koma kamar ƙwayar dawa zuwa ta masara, ki haɗa da yashin rafi mai tsakuwa, da ɗan gawayi, da ɗan taki wanda ya ruɓe sarai. Ki tankaɗe a rariya, garin da ya zubo ki zubar, tsakin da ya rage shi ne naki. Bayan dashe ya zauna a inuwa mako biyu zuwa uku, taki kuma sai bayan wata guda.

Ƙasar kasko kaɗan ce, saboda haka ba ta riƙe ruwa. Ki tsoma yatsa kowace safiya, in saman ya fara bushewa ki zuba har ya fito ta huji. A watan Maris da Afrilu sai an yi safe da yamma, a kuma kare shi daga ranar tsaka. Ruwan wanke-wanke mai omo ba nasa ba ne. In za ku yi tafiya, ko ta kwana uku ce, ki damƙa shi ga maƙwabciya kamar yadda za ki bar mata kaji. Kuma duk da kyansa a kan teburin falo, icce ne, rana yake so. Ki shigo da shi kwana biyu in za a yi baƙi, sannan ya koma tsakar gida.

Tsakar gidan ma sai a kan wani abu mai tudu. Akuya ɗaya za ta cinye aikin shekara uku kafin ki idar da alwala, kaji kuma su tone ƙasar. Sannan ga yara. Farin ruwan da ke fita daga fikus da cediya yana sa ƙaiƙayi, in ya shiga ido kuwa da zafi, ki wanke hannu da sabulu bayan aski. Wadda ta fi haɗari ita ce kariya, mai ƙaton gindi da jan fure, wadda masu lambu ke yawan miƙo wa duk wanda ya ambaci bonsai saboda ta zo da siffar tun asali. Ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, har an san wasu al'ummu a Afirka da shafa shi a kibiya. Gidan da ke da mai rarrafe ko mai kai komai baki, ki haƙura da ita har su yi wayo, rassan da kika yanke na kowane iri kuma ki kwashe ki zubar inda hannunsu ba zai kai ba.

In kina da hali ki sayi dashe biyu ko uku iri ɗaya, ki fara gwada almakashin a kan wanda bai fi burge ki ba. Ki ɗauki hotonsa a waya kafin aski da bayansa, ki sake ɗauka a ƙarshen damina daga fuskar nan da kika soka wa tsinke.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa takin gida daga ɓawon kayan miya da kashin awaki.